Bushiya Mai Hular Kwano

Ina tara tambarin sojoji, irin ƙyallen nan da ake ɗinka musu a kafaɗa, kuma ba kowanne nake so ba sai mai zanen ban dariya. Mutanen Agiye, garin da nake zaune, sun san ni da wannan tun ina sabon malamin lakol, wato makarantar boko. Ranar kasuwa nakan bi rumfunan masu bosho, wato tufafin gwanjo, ina ɗaga tsofaffin rigunan sanyi ina leƙa kafaɗa. Tun da tsaro ya taɓarɓare wajen iyaka ba mai son a gan shi da riga mai kama da ta soja, don haka duk wanda ya saya sai ya biya wurin tela an warware masa tambarin. Telolin suna ajiye mini, suna kuma yi mini dariya in na juya baya, na sani sarai. Ina da kwaɗo mai saukowa da laima, da sauro rungume da bindiga, da wani kunkuru mai tabarau wanda har yau ban gano ƙasarsa ba. Mai ɗakina ta daɗe da daina magana a kai, sai dai ta matsar da gwangwanin da nake tara su ciki in za ta yi shara.

Kawuna ne ya sa mini wannan ciwo. Wan mahaifiyata ne, soja mai igiya biyu, yana cikin waɗanda aka tura wata ƙasa ta bakin teku rabon faɗa lokacin da yaƙi ya cinye ta. Ya daɗe can. Ya dawo da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa da akwatin ƙarfe, ya ajiye kaki, ya koma gidan gado a Gangara. A cikin akwatin akwai jaridar sansaninsu, ƴar ƙarama da sojojin ke bugawa da kansu da Faransanci, an ɗaure ta dami-dami da igiyar takalmi. Ba labarin yaƙi a ciki sai kaɗan. Wane ya samu ɗa a gida, tankin ruwa ya sake fashewa, an yi kokawa tsakanin masu gadi da direbobi, mai dafa abinci ya ƙona shinkafa kuma ya rantse haka ake cin ta a garinsu. Kowane shafi da zanensa, na wani soja mai hannu wanda bai bar kowa ba, har manyansu.

Tambarin rukuninsu ma, wanda na Kawu ke cikin akwatin, sojan nan ne ya zana: bushiya sanye da hular kwano da ta yi mata yawa, da ƙaton takalmi, ido ɗaya a rufe. Kawu ya ce aikinsu gadin ɗakin ajiya ne, in harbi ya tashi sai su dunƙule wuri ɗaya su jira ya wuce, shi ya sa suka zaɓi bushiya kafin wasu su zaɓa musu abin da ya fi ta muni. Faransancin Kawu na baki ne, irin na bariki, karatu kuwa yana ba shi wuya, ga ido ya fara rauni. Duk hutun lakol sai in hau mota in je Gangara, mu zauna gindin dogon yaro a ƙofar gida, ina karantawa yana gaya mini wane ne wane. A fitowa ɗaya an zana shi kansa, da manyan kunnuwansa da wushiryarsa, yana dafa shayi a kan injin mota hankali kwance, kowa na gudu a bayansa. Ba mu da hoton Kawu yana soja in ba wannan ba. In muka zo shafin sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata rana da la'asar ya tura akwatin gabana da sandarsa.

"Ɗauki ka tahi da shi. Kai ka san abin da ke ciki."

Na ce, "Haba Kawu, Allah ya ƙara maka kwana. Mi zan yi da shi kana nan? A bar shi inda yake, in na zo mu karanta."

Ya sake cewa in ɗauka, na sake ƙi. Duk wanda aka yi wa tarbiyya a gidajenmu haka zai yi. Tsoho ya miƙo maka abin da ya fi so, ka yi wuf ka rungume ka nufi tasha, ai ka gaya masa kana jiran mutuwarsa ke nan. Da damina ta kama ya rasu. Ranar rabon gado malamin da ya zo ya saurare ni da kyau, ya ce kyautar da ba a karɓa aka tafi da ita ba tana nan cikin kayan mamaci, kuma ɗan ƴar'uwa ba ya da rabo inda akwai ɗa. Ban ga laifin malam ba, abin da ke littafi ya faɗa. Akwati ya zama na babban ɗan Kawu.

Shi wannan ɗan taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka a al'ada shi ne ubangida ni ne bawa, kuma akwai wasa tsakaninmu har mutuwa. Yana iya zagina a gaban surukaina, ya cire mini hula a masallacin Idi, ya kwashe naman da ke gabana, ni ma in rama iyakar ƙarfina, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Ina da taubasai da yawa kuma ina jin daɗinsu. Wannan dai tun muna yara wasansa ba ya yi mini daɗi. Sauran suna tsokana su bar ka da dariya, shi kuwa sai ya lalubo inda ke maka ciwo ya danna, yana kallon idonka yana murmushi. Kowa a duniya Malam yake ce mini, har mahaifiyata in tana son ta tsokane ni. Shi kaɗai ke kirana bawa, da ƙarfi, daga wancan gefen hanya.

Na bari aka yi sadakar arba'in kafin na yi masa magana. A zaure na same shi cikin mutane, ya dawo daga gona, na gaishe shi na ce takardun nan na Kawu, tunda ba karanta su zai yi ba, ya taimaka ya bar mini.

Ya dubi mutane ya ce, "Kun ji bawa na roƙon gado. Yaushe munka hwara haka a gidan ga?"

Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora.

"Kwantar da hankalinka, bawa. Zan ba ka su duka. Amma a hankali, kar su yi maka yawa."

Na koma Agiye ina ganin an gama magana. Da kasuwar Gangara ta ci, sai ga direban motar haya a ƙofar gidana da yamma, riƙe da ƙunshi, yana ta murmushi. Ya ce saƙo ne daga ubangidana. Tsire ne mai zafi-zafi, an zuba masa yaji da albasa, an naɗe shi da shafi biyu na jaridar Kawu. Mai ya ratsa takardar har ana ganin rubutun baya ta gaba. Na tsaya riƙe da ita a tsakar gida, direba na jiran ya ga fuskata don ya kai labari. Na ce ya gaya wa ubangida bawa ya gode, amma naman ya yi tauri kamar mai aiko shi. Ya tafi yana ƙyaƙyata dariya, ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Haka aka yi ta yi, kasuwa bayan kasuwa. Wani lokaci tsire, wani lokaci balangu, ranar da ya so ƙeta sosai kuma soyayyen kifi. Ba ya aiko fitowa ɗaya cikakkiya. Sai ya yagi shafi daga nan ya yagi wani daga can, yadda labari zai fara a hannuna ƙarshensa ya tafi gidan wani da ya sayi nama bayan an naɗe nawa, domin na samu labari ya kai wa mai tsiren dami guda ya ce ya yi ta amfani. Na koyi aikin da ban taɓa zaton zan koya ba. In kankare yajin da bayan cokali, in daka alli in barbaɗa a kan takardar ya tsotse man, in sa ta tsakanin littattafan ƴan lakol in ɗora dutse. Wasu sun farfaɗo ana iya karantawa. Wasu tawadar ta narke, fuskokin mutanen da Kawu ya gaya mini sunayensu suka zama tabo. Naman kuwa ban taɓa kai shi bakina ba, maƙwabta suka yi ta godiya.

Abin da ya fi cina shi ne ba inda zan kai kuka. Na je wurin mahaifiyata, wadda ke zaune tare da ni tun rasuwar mahaifinmu, na nuna mata wani shafi da kifi ya lalata. Ta juya shi sama da ƙasa, ba ta karatun boko, ta miƙo mini.

"Wasa ne. Kai ma ka aika mishi da abin da zai ji."

Na ce, "Inna, wanga ba wasa ba ne. Mugunta ce ya sa mata rigar wasa."

"Ɗan wana ne. In ka yi hushi da shi, da ni ka yi. Takarda ce hwa, ba gona ba."

Na roƙi wani dattijo abokin Kawu ya sa baki, ya ce shi bai taɓa jin an shiga tsakanin taubasai ba, kuma ba da shi za a fara ba. A lakol ma labari ya kai, abokan aikina suna tambayata ko yau akwai nama. Kowa ya ga abin dariya ne, malami guda da gemunsa yana bin takardar tsire da garin alli. Ni kuwa duk ranar kasuwar Gangara tun safe nake leƙen ƙofa, domin shafi ɗaya nake jira kuma nake tsoro, wanda aka zana Kawu da shayinsa. Na san yana sane da shi, kuma na san ya ajiye shi ne don ƙarshe.

Bayan an gama girbi na gaji da jira. Na hau mota na je Gangara ranar kasuwa ba tare da na aika ba. Tun daga bakin kasuwa na hango amalankensa, an sauke buhunan gero, jakin na tsaye yana korar ƙuda. A goshin jakin, jikin igiyar linzami, an ɗinka bushiyar Kawu da zaren buhu. Rana ta cinye launinta, gefe ɗaya ya zare, gumin dabba ya mayar da ita baƙa. Wannan ƙyallen Kawu ya sa shi a kafaɗa a ƙasar da aka kashe abokansa, in zai nuna mini shi sai ya goge hannu a riga tukuna. Wasu masu amalanke da ke wurin suka gane ni, ɗaya ya ƙame ya sara wa jakin, ya ce in gaida mai igiya biyu.

Na same shi a rumfar mai tsire, zaune a benci, ya miƙe ƙafa. Ragowar damin takardun na gefen tukuba, an danne da dutse. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"A'a, bawa da kansa. Yunwa ta koro ka? Zauna, yau a gabanka za a naɗe maka."

Ya sa hannu a aljihun ƴar shararsa ya fito da takarda a ninke. Ya warware ta a hankali, ya ɗaga yadda kowa zai gani, ga kunnuwan Kawu ga butar shayi. Ya miƙa wa mai tsire ya ce a zaɓo mai kitse.

Ban ɗaga murya ba, abin da nake tunawa ke nan. Na ce wa mai tsire in ya ɗora nama a kan takardar nan ni da shi ne. Sannan na juya wurin ɗan kawuna na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Daga yau ba wasa tsakanina da kai. Na yanke shi, mutanen ga shaida ne. Kai ba taubashina ba ne, mugu ne kawai, kuma tun muna yara haka kake."

Wani tsoho da ke cin nama ya ce subhanallahi a hankali, ya ajiye tsinkensa. Irin wannan magana ba a yin ta. Ana iya shekara ba a ga juna ba, ana iya faɗa a kan gona har gaban mai gari, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya cikin kasuwa ya ce ya kashe wasan da ya gada ba.

Murmushin ya bar fuskarsa. Muryar da ya yi magana da ita ban san shi da ita ba.

"Ubana ne ko ubanka? Shekarun da ya yi can, wa ya riƙe gona? Wa ya kai uwata asibiti a amalanke? Ya dawo, sai in taso daga gona in iske ku gindin itace kuna dariya da takarda, ya ce in kawo muku ruwa. Ko sau ɗaya ka taɓa juyowa ka gaya min mi ke ciki? Ko shi?"

Ban ce ƙarya yake ba. Amma shi ma bai taɓa zama ya tambaya ba, ko sau ɗaya, sai dai ya ajiye kwanon ruwan da ƙarfi ya wuce. Kuma in haushin ubansa yake ji, ubansa ya yi shekaru a gabansa yana raye, ya sami bakin faɗa masa. Bai yi ba, ya jira tsoho ya kwanta dama ya huce a kan fuskarsa da man tsire. Haka na gaya masa a wurin, ban rage komai ba.

Ya tashi ya karɓi wuƙar mai tsire ya nufi jakin. Ya yanke zaren, ya dawo da bushiyar, ya karɓi takardar daga hannun mai tsire ya haɗa su. Bai ba ni a hannu ba, a kan benci ya ajiye su kamar yadda ake ajiye wa baƙo ruwa, ya kama jakinsa ya fita kasuwa tun ba a watse ba. Da kasuwa ta zagayo direba ya kawo buhu, an ɗaure bakinsa da kyau, duk abin da ya rage na ciki har da igiyoyin takalmin. Ba nama, ba saƙon baki, direban ma ko zama bai yi ba.

Labari ya riga ni isowa gida. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwanaki tana amsa gaisuwata da ka. Ranar da ta buɗe baki, ina tsakar gida ina jera shafukan a kan tabarma, ta tsaya a kaina ta ce, "Ka samu takardunka?" Na ce na samu. Ta ce to madalla, ta wuce ɗakinta. Daga nan ba ta ƙara zuwa Gangara tare da ni ba, sai ta sa ƙanena ya kai ta a babur.

Shi kuwa ya riƙe maganata fiye da yadda na faɗe ta. Ba gaba yake yi da ni ba, gaba ai da sauƙi. In muka haɗu a suna ko ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, hannu biyu ma, ya tambayi iyali da aiki da gajiya ɗaya bayan ɗaya, ya saurari amsa, ya koma wurin zamansa. Sauran taubasaina su ma suka ja baya, in za su tsokane ni sai sun auna, wanda ya fara sai ya dubi fuskata ya sauya zance. Na zama mutumin da ake lallaɓawa.

Bara mahaifiyata ta rasu. Muna zaman makoki a ƙofar gida, rana ta biyu da hantsi, na hango shi ya sauka daga mota. A irin wannan zama taubashi ke zuwa ya dame ka, ya ce ka cika kuka kamar jariri, ya ƙwace abincin da aka kawo maka ya tilasta maka ci, don shi kaɗai ke da izinin sa ka dariya a ranar. Mutanen da ke zaune suka matsa masa wuri kusa da ni, suna jiran su gani. Gwaggonsa ce ta mutu, ita ta goya shi yana jinjiri.

Ya tuɓe takalmi nesa da tabarma. Ya durƙusa a bakinta inda baƙi ke durƙusawa, ya ɗaga hannu aka yi addu'a aka shafa.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Na ce amin. Na tura masa kwanon fura da ke gabana, ban san lokacin da hannuna ya yi hakan ba. Ya dubi kwanon ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, a ƙoshe nake." Ya miƙe ya shiga cikin gida ya gaida mata, na ji kukansa daga can, kukan babban mutum. Da ya fito ya riga ya share fuska. Ya ɗaga mini hannu daga nesa cikin ladabi, ya sa takalminsa ya nufi tasha.

Na tsane shi a ranar fiye da duk ranakun tsire, har na ji ina so in bi shi in shaƙe wuyan rigarsa ko zai zage ni. Ban tashi ba, akwai masu gaisuwa a layi, na juya na miƙa wa na gaba hannu.